Alhaji Abubakar Imam: Malamin da ya mayar da magana jari

Duk wanda ya yi karatun boko da Hausa a Arewa da wuya a ce bai taɓa cin karo da Aku ba, tsuntsun nan mai azanci da ya riƙa shagaltar da Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don ya hana shi fita. Mai wannan alƙalami shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta Jihar Neja ta yanzu a shekarar 1911.

Ya fito daga gidan malamai, ya fara da karatun allo, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, daga bisani ya koyar a Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki. Basirarsa ta sa East ya nemi a ba shi aron matashin malamin, ya zo Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Da yawa daga labaran ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma ya sa musu riga da rawani har suka zama 'yan gida.

A watan Janairun 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. Kujera ce mai zafi. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, sarakuna na sa ido, masu karatu kuwa na aiko da wasiƙun koke kan zalunci da cin hanci. Imam ya buɗe musu shafi, ya riƙa faɗar gaskiya cikin hikima da karin magana, yadda za ta shiga kunne ba tare da an rufe jaridar ba.

A 1943 ya tafi Ingila tare da tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A can Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin yana ganin Arewa na baya ƙwarai a ilimin zamani, kuma ba a tuntuɓi jama'arta ba. Wasu sun ɗauke shi ɗan koren Turawa. Sai dai a tafiyar nan ce ya gana da Lugga, ya zayyana masa illolin tsarin mulkin da shi kansa ya dasa. Labarin tafiyar yana cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama ɗan majalisa a 1951, amma siyasa ba ta riƙe shi ba. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, har ya shugabance ta a lokacin da ake fafutukar maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 19 ga Yunin 1981 a Zariya. Har gobe littattafansa na kan teburin masu sayar da littattafai a kasuwannin Kano da Zariya da Sakkwato. Allah Ya jiƙansa da rahama.