Ferdinand Porsche: Injiniyan da ya ƙera Bitil, da tarihin da sabon fenti bai rufe ba

Kamfanonin ƙera motoci sun gano cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 2001 kamfanin BMW ya dawo da Mini, a 2007 Fiat ya dawo da ƙaramar motarsa 500, a 2022 Volkswagen ya fito da ID. Buzz mai aiki da lantarki cikin siffar tsohuwar bas ɗin Kombi, sannan Renault 5 ta biyo baya a 2024. Injin na yau ne, fuskar kuwa ta jiya ce.

Motar da ta buɗe wannan kasuwa sosai ita ce New Beetle ta 1998. Ta ari siffar Bitil, motar nan mai doro da dattawan Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka sani a hannun malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati a shekarun 1970. Sai dai masu tallar sabuwar sun ɗauki fara'ar tsohuwar, sun bar labarin asalinta. Labarin kuwa yana cikin rayuwar mutum guda, Ferdinand Porsche.

Yaron da ya kamu da son lantarki

An haifi Porsche ranar 3 ga Satumba, 1875, a garin Maffersdorf na yankin Bohemia, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungary, yanzu kuma yana cikin Jamhuriyar Czech. Mahaifinsa Anton maƙerin kwano ne, kuma ya so ɗan ya gaji sana'ar. Hankalin yaron kuwa yana kan lantarki. Yana ɗan shekara 18 ya tafi birnin Vienna, ya kama aiki a kamfanin kayan lantarki na Béla Egger. Bai taɓa kammala jami'a ba. Digirin dakta da ake liƙa wa sunansa na girmamawa ne, daga baya aka ba shi.

Daga nan ya koma kamfanin Lohner mai ƙera kekunan doki. A baje-kolin duniya na birnin Paris a 1900 aka nuna motar Lohner-Porsche, wadda injinan lantarkinta ke cikin ƙafafunta. Bai jima ba ya haɗa injin fetur da na lantarki a mota guda, dabarar da duniya ta koma wa bayan kusan shekara ɗari. A 1906 ya zama babban injiniyan Austro-Daimler, a 1923 kuma ya koma kamfanin Daimler a birnin Stuttgart na Jamus, inda ya jagoranci ƙera Mercedes SSK mai tsere. Mutum ne mai zafin rai da taurin kai, yakan rabu da shugabanninsa baram-baram. Abin da ya fi haɗa su rigima shi ne burinsa na ƙera ƙaramar mota mai araha, su kuwa ribarsu tana wajen masu hannu da shuni.

A 1931 ya buɗe ofishinsa na zane a Stuttgart tare da surukinsa Anton Piëch da wani ɗan kasuwa Bayahude, Adolf Rosenberger, wanda ya tallafa da jari.

Motar talakawa da talaka bai samu ba

Hawan Adolf Hitler mulki a 1933 ya buɗe wa Porsche ƙofar da kamfanoni suka rufe masa. A watan Yunin 1934 aka ba shi kwangilar ƙera motar jama'a, wato ma'anar kalmar Volkswagen ke nan. Sharuɗɗan a fili suke: ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 cikin sa'a, farashinta kuma kada ya kai mak dubu. An tsayar da shi a kan mak 990. An sa injin a baya, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya tafasa.

Ranar 26 ga Mayu, 1938, Hitler ya aza harsashin masana'antar a wurin da ya zama birnin Wolfsburg. Aka ƙirƙiro wani irin adashe: ma'aikaci ya riƙa zuba mak biyar duk mako har kuɗin mota su cika. Mutum kusan 336,000 ne suka shiga. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya karɓi mota ta wannan hanya, domin yaƙi ya ɓarke a 1939. Sai a 1961, bayan doguwar shari'a, aka sasanta da su a kan rangwamen farashi ko 'yan kuɗi kaɗan.

A tsakanin nan Porsche ya ajiye shaidar zama ɗan Czechoslovakia ya zama Bajamushe, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, aka kuma ba shi muƙami a rundunar SS. Rosenberger kuwa ya rabu da hannun jarinsa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, aka tsare shi a 1935, daga baya ya ƙare a gudun hijira a Amurka.

Masana'antar ta koma aikin yaƙi. A kan ƙashin bayan Bitil aka gina motocin soja, Kübelwagen da Schwimmwagen mai shiga ruwa. Porsche ya zana tankokin yaƙi, har ɗaya ta ɗauki sunansa, Ferdinand. Mutum kusan 20,000 aka tilasta wa aikin bauta a masana'antar da yake cikin shugabanninta: fursunonin yaƙi, mata da matasan da aka kwaso daga Poland da Tarayyar Sobiyet, da Yahudawan da aka ɗebo daga sansanonin gwale-gwale. Jarirai da dama da matan nan suka haifa sun mutu a gidan renon da ke ƙarƙashin kulawar kamfanin.

Siffar ta wane ce?

Ko doron da ake yaba wa Porsche ba nasa ba ne shi kaɗai. Ma'aikacinsa Erwin Komenda ne ya zana gangar jikin. Injiniya Béla Barényi ya zana mota mai irin wannan tsari tun 1925, kotu kuma ta tabbatar masa da haka a shekarun 1950. Kamfanin Tatra na Czechoslovakia, inda Hans Ledwinka ke ƙera motoci masu inji a baya, ya kai ƙara kan kwaikwayon fasaharsa. Mamayar da Jamus ta yi wa ƙasar ce ta kashe maganar, amma bayan yaƙi ta sake tasowa, Volkswagen ya biya diyya a shekarun 1960.

A watan Disambar 1945 hukumomin Faransa suka kama Porsche. Ya shafe kusan wata ashirin a tsare, aka sake shi a 1947 bayan iyalinsa sun biya beli mai tsoka, kuma kotun Faransa ba ta same shi da laifi ba. Ba a taɓa gurfanar da shi kan bautar da aka yi a Wolfsburg ba. Ya fito da rauni a jiki, ya tarar ɗansa Ferry ya kama ragamar kamfanin iyali, wanda ya fito da Porsche 356 a 1948. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a ƙarshen 1950, ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75.

Rayuwar motar bayan mai ita

Wani hafsan sojan Birtaniya, Manjo Ivan Hirst, shi ya tayar da masana'antar daga kango a 1945. A 1955 aka ƙera Bitil ta miliyan ɗaya. A 1972 ta zarce Ford Model T wajen yawa. A 1975 aka fara haɗa ta a Legas, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Yarabawa suka sa mata suna Ijapa, wato kunkuru. Kafin a ƙera ta ƙarshe a birnin Puebla na Meziko a watan Yulin 2003, an yi fiye da miliyan 21.

Sabuwar kuwa a jihar California aka haife ta. J Mays da Freeman Thomas ne suka zana samfurin da aka nuna a Detroit a 1994. Da ta shiga kasuwa, injin ya koma gaba, ruwa ke sanyaya shi, ƙashin bayanta kuma na Golf ne, dangin motocin hayan da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Funtuwa. Abin da ya rage na Bitil shi ne doro, da zagayayyun fitilu, da ɗan tulun fure kusa da sitiyari. An daina ƙera wannan zuri'a a 2019.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Volkswagen ya buɗe ma'ajiyar takardunsa ga masanin tarihi Hans Mommsen, wanda bincikensa ya fito a 1996, kuma a 1998, shekarar da New Beetle ta shiga kasuwa, kamfanin ya kafa asusun biyan waɗanda aka bautar. Shekara guda bayan haka aka zaɓi Porsche a matsayin gwarzon injiniyan mota na ƙarni na 20. Basirarsa ta cancanci lambar. Mutum dubu ashirin ɗin nan kuma sun cancanci a ambace su a duk inda aka ambace ta.