Felix Hoffmann: Mutumin da ya haɗa asfirin da hiroyin cikin wata guda

An haifi Felix Hoffmann a Ludwigsburg ta Jamus a 1868, ya kama aiki da kamfanin Bayer a 1894. A lokacin masu ciwon gaɓoɓi sinadarin salisilik suke sha, ga ɗaci ga ƙona ciki. Ranar 10 ga Agustan 1897 ya haɗa shi da wani sinadari dangin ruwan kal, aka samu tsaftataccen asfirin.

Bayan kwana 11, da wannan dabarar dai, ya mayar da mofin ya zama hiroyin. Abin takaici, a matsayin maganin tari aka riƙa sayar da ita.

Ya rasu a Suwizalan a 1946. Bayan shekara uku abokin aikinsa Arthur Eichengrün ya fito ya ce shi ne ya tsara aikin asfirin.