Tarihin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse Da Kufayin Birnin Gwari

Duk wanda ya san ƙasar da ke yamma da Kaduna, daga Birnin Gwari har zuwa Tegina da Kwantagora, ba zai rasa mamakin yawan dajinta da ƙarancin garuruwanta ba. Ƙasa ce mai albarkar noma, daminarta ta fi ta Kano tsawo, amma sai a yi mil da yawa ba a ga komai ba sai itatuwa da duwatsu. Ƙasar Kano kuwa, da ruwanta bai kai na nan ba, ko'ina gona ce, wannan ƙauye na jin carar zakaran wancan. Ruwa dai ba ya tsami banza. Mu a ganinmu ba za a gane wannan al'amari sosai ba sai an san labarin Sarkin Sudan Ibrahim, shi ya sa muka kawo wa masu karatu shi yau.

An haifi Ibrahim wajen shekara ta 1857. Ubansa shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunan nan Nagwamatse ya samo shi ne daga Gwamatse, garin da aka fara zaunar da shi a ƙasar Sakkwato. Zama bai yi masa daɗi a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ba, don haka ya yiwo kudu da mahayansa yana neman inda zai kafa nasa iko. Sa'ad da ɗan'uwansa Ahmadu Zaruku ya hau gadon Sarkin Musulmi cikin 1859, sai ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, cikin 1864 kuwa ya kafa Kwantagora a tsakiyar ƙasar Kambari. Ya rasu cikin 1876, ɗansa Abubakar Modibbo ya gaje shi ya yi shekara huɗu, sa'an nan sarauta ta zo hannun Ibrahim cikin 1880, yana saurayi.

Abin da Ibrahim ya gada sansani ne fiye da gari. Kwantagora ta wannan zamani ba ta shahara da saƙa ko rini ko fatauci ba, arzikinta doki ne da mashi da bindiga. Doki kuwa saye a ke yi daga arewa, albarushi saye a ke yi daga kudu, jarumawa kuma ba su zama wurin sarkin da ba ya rabon ganima. Da me za a biya duk wannan? Da bayi. Saboda haka da zarar ruwa ya ɗauke sai a ɗaura sirdi, a faɗa wa Kambari da Kamuku da Dakarkari da Gwari. A kewaye gari, a ƙone rumbuna, wanda yunwa ta fito da shi a ɗaure. Waɗanda suka tsira su hau duwatsu, su bar fadamu masu kyau su koma noman tsakanin duwatsu. Aibin wannan sana'a shi ne tana cin jarinta: garin da aka kwashe bana ba shi da abin bayarwa baɗi, dole a ƙara nisa. Haka Ibrahim ya yi shekara ashirin yana ƙara nisa, har ya kai ga Birnin Gwari.

A nan ya kamata mu ɗan dakata mu faɗi yadda Birnin Gwari ta ke kafin zuwansa, domin da yawa suna tsammani tun fil azal daji ne. Baturen nan matafiyi Kyaftin Kilapatan, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdullahi, ya bi ta nan cikin 1826 a kan hanyarsa daga Busa zuwa Zariya da Kano, ya tarad da babban gari mai ganuwa, mai cin gashin kansa. Dalilin girmanta a fili ya ke. Tana bisa hanyar Gwanja, inda fatake ke wucewa da kanwa da tufafin Kano, su komo da goro. Ayari ba ya wucewa a banza: madugu zai biya fito, 'yan alaro za su sayi tuwo, jakuna na bukatar harawa da dusa, masu masauki su sami nasu. Hanya ce ta gina garin. Cikin 1899 Ibrahim ya ci shi.

Ba mu ce shi kaɗai ya yi irin wannan aiki ba. Sarakunan Bida sun yi haka a kudu da su, kuma kasuwannin da ke sayen bayin nan ba a Kwantagora kaɗai su ke ba. Gaskiya mai ɗaci ita ce, rinjojin da suka cika ƙasar Kano da Zazzau da Sakkwato da hatsi da auduga da baba, da yawan masu nomansu daga irin waɗannan ƙasashe aka kwaso su. Watau jama'ar da wata ƙasa ta rasa ita wata ta samu. Bambancin da mu ke gani shi ne, a Kano mutum ya zama hannun aiki, ya yi noma, ya yi saƙa, ya hayayyafa, a wurin Sarkin Sudan kuwa mutum kuɗi ne da a ke kashewa. Ba wanda ya yi musun jaruntakarsa, amma masarautar da kakan ubansa Shehu ya yi wa'azi a kafa, wadda talaka zai kwana lafiya a cikinta, ba ita ce wannan ba.

Cin Birnin Gwari shi ya jawo masa. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya zauna Jebba, mahayan Kwantagora da na Bida kuwa suna kai hari har kusa da inda sojansa su ke. Farkon 1901 soja suka tasam ma Kwantagora, garin ya faɗi, Ibrahim ya fita da jama'arsa ya yi gabas ta arewa, ya shiga ƙasar Zazzau yana kame kamar dā. Abin ya ishi Sarkin Zazzau Kwasau har ya nemi taimakon Turawa. Suka zo, suka kama Ibrahim cikin 1902, amma da suka shiga Zariya ba su sake fita ba, Kwasau kansa bai ƙare wannan shekara a kan gadonsa ba. An ruwaito cewa da aka yi wa Ibrahim maganar barin kamun bayi, sai ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba a hana ta kamun ɓera, ya nuna ko mutuwa ta zo da bawa a bakinsa za ta same shi.

Abin mamaki, cikin 1903, shekarar da Sakkwato ta shiga hannun Turawa, sai aka mai da shi sarautarsa, bayan an yanke masa ƙasashe da yawa na waɗanda ya saba kai wa hari. Turawa suna bukatar 'yan gidan Shehu su riƙe musu ƙasa, wannan ya fi musu tuna abin da ya wuce. Ya sake yin shekara 26 yana sarauta ba yaƙi, dokar Gwamnati kuwa ta riga ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901. Ya rasu ran 26 ga Oktoba 1929, ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi.

To, yaƙi ya ƙare, me ya hana Birnin Gwari komawa yadda ta ke? Abu na fari, daji ba ya jiran mai gona. Inda mutane suka tashi itatuwa suka rufe, namun daji suka yawaita, ƙudan tsando ya biyo su, shi kuwa yana sa wa shanu sammore, mutane ciwon barci. Na biyu, wanda mu ke jin ya fi nauyi, hanya ta ƙaura. Reluwe ya isa Kano cikin 1911 ta kan Minna da Kaduna da Zariya, goro ya koma zuwa ta jirgin ruwa har Ikko sa'an nan ta jirgin ƙasa, ayarin Gwanja ya mutu. Kano ta sami gyaɗa a kan masaƙa da marinar da ta ke da su, domin tana da mutanen da za su noma ta. Kaduna, wadda ba kowa a wurin sai 'yan ƙauyukan Gwari, ta zama babban birni bayan da Gwamnati ta taso daga Zungeru cikin 1917, Zungeru kuma ta koma ƙaramin gari. Zinariyar da aka haƙa a ƙasar Birnin Gwari zamanin Turawa fita ta yi, ba ta bar gari a bayanta ba. Daga baya ma mazaunin sarki ya koma bakin hanyar mota, tsohon wurin ya zama Tsohuwar Birnin Gwari.

Cikin 1936 En'e ta keɓe wani babban yanki na dajin ya zama gandu, shi ne dajin Kamuku, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓa cikin 1999, shekara ɗari cif bayan cin garin. Yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Wannan faɗin ƙasa mai ƙarancin ƙauyuka da hanyoyi shi 'yan fashin daji suka mai da mafaka bayan 2010, suna satar shanu, suna kama mutane don neman fansa, har manoma suka bar gonaki kamar yadda kakanninsu suka yi a zamanin Sarkin Sudan. Karar shanu ta Birnin Gwari ta yi wajen shekara goma a rufe, sai cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani na Kaduna ya je ya buɗe ta, bayan sulhun da aka ƙulla da waɗansu daga cikin shugabannin 'yan dajin.