Ramakirishna, Talakan da Ya Nemi Ganin Abin Bautarsa

An haifi Ramakirishna a shekarar 1836 a ƙauyen Kamarpukur, cikin yankin Bangal na ƙasar Indiya. Iyayensa talakawa ne, mabiya addinin Hindu. Bai yi nisa a makaranta ba, lissafi ma ba ya shiga kansa. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 7.

Da ya zama saurayi sai ya bi wansa zuwa birnin Kalkuta. A 1855 wata mace mai dukiya, Rani Rashmoni, ta buɗe ɗakin bauta a Dakshineshwar, bakin kogi. Aka naɗa wan nasa mai hidimar wurin. Bayan shekara guda wan ya rasu, aikin ya dawo hannun ƙane.

A cikin ɗakin akwai gunkin Kali, wadda ƴan Hindu suke ɗauka a matsayin uwa. An sassaƙa shi da baƙin dutse, da hannu huɗu. Hannun hagu guda na riƙe da takobi, na dama kuwa suna nuna kariya da kyauta. Masu ibadar nan sukan zauna shiru, su kafa wannan sifa a zuciya, su yi ta dubanta da idon tunani tun daga ƙafa har kai.

Ramakirishna bai wadatu da dutse ba. So yake ya ga uwar da kanta. Ya bar barci, ya rage ci, kullum faɗuwar rana sai kuka. Mutane suka ce ya haukace. Rannan da abin ya ishe shi, ya kai hannu ga takobin da ke rataye a ɗakin don ya kashe kansa. Ya ba da labari cewa nan take wani haske kamar teku ya lulluɓe shi, ya faɗi sumamme.

Daga baya ya koya wa almajiransa cewa ƙoƙarin mutum bai isa ba sai da falala daga sama. Ya kwatanta falalar da iska mai busawa kullum, aikin mai jirgin ruwa shi ne ya buɗe ƙyallensa.

Ciwon daji na maƙogwaro ya yi ajalinsa a 1886. Almajirinsa Wibekananda ya kai koyarwarsa Amurka a 1893. A 1897 ya kafa ƙungiya da sunan malaminsa, wadda har yau take gudanar da makarantu da asibitoci a Indiya.