Abubakar Imam, malamin da ya naɗa aku waziri

A makarantun Parakou da Djougou yaro yakan fara haɗuwa da dabbobi masu magana ne a aji, da Faransanci, ranar da malami ya sa shi haddace waƙar La Fontaine ta hankaka da yanyawa. Idan ya koma gida a zango, wataƙila kakarsa ta ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi da dare, da baki. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, tun kusan shekara 90 da suka wuce wani matashin malami ya haɗa irin waɗannan labarai biyu a littafi guda, da Hausa. Sunansa Abubakar Imam.

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda a lokacin take ƙarƙashin lardin Kwantagora, yanzu kuma tana jihar Neja ta Najeriya. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, don haka da allo da littattafan Larabci ya fara. Yankin ba baƙo ba ne ga mutanen Borgu. Daga Kwantagora idan aka nufi yamma aka ƙetare kogin Kwara an shiga ƙasar Bussa, gaba kuma sai Nikki da Parakou da Djougou, hanyar da ayarin fataken goro suka riƙa bi daga Kano zuwa Gwanja. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba Borgu gida biyu, shekara 13 kafin haihuwarsa. Wannan layin iyaka shi ya sa littattafansa suka zama karatun aji a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma makarantar Faransa ba ta ba harsunan gida wuri ba.

Ya yi karatun boko a Katsina, ya shiga kwalejin horon malamai ta garin a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil. Yana nan a 1933 sai Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar fassara a Zariya, ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Damuwar East ita ce an koya wa yara karatun boko amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. Malamai da dama ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a wurinsu rubutu na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ce bayan isha'i. Imam, mai shekara 22, bai ga abin kunya ba. Ya aika da Ruwan Bagaja, ya kuma shiga cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Labarin Ruwan Bagaja gajere ne. Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, ya bar gida neman wani ruwa mai warkar da cuta, don ya wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya akwai aljannu da ƙasashe masu nisa, amma abin da masu karatu suka fi riƙewa shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin gabarsa kuma abokin tafiyarsa. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, ɗayan ya jira garin gaba ya rama. Jarumin ba waliyyi ba ne: yana ƙarya, yana damfara, wani lokaci shi ake kamawa a ci masa mutunci. Yaron da aka saba yi wa nasiha a kowane littafi sai ga shi yana dariya da littafi a hannu, a cikin harshen gidansu.

East ya gane abin da ya samu. A 1936 ya sa aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya rubuta nasa. Daga nan aka samu Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito daga 1937 zuwa 1939.

Ginin littafin farko ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan gwanintar take. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana son sarauta, ya shirya a hallaka yaron da zarar ya fita daga fada. Musa kuwa jininsa na tafasa, kullum dare sai ya ɗaura ɗamara zai bi mahaifinsa. Mai tsaronsa aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da ƙarfi. Abin da yake da shi baki ne kawai: yakan jefa karin magana, yaro ya tsaya ya tambayi ma'anarta, aku ya shiga labari, kafin a ƙare gari ya waye. Saboda haka kowane labari yana da nauyi biyu. Mai karatu yana son jin yadda ɓarawo ko sarki ko makaho zai ƙare, yana kuma fargabar kada labarin ya yi lami yaro ya fita a kashe shi. Da sarki ya dawo asiri ya tonu, aku ne aka naɗa waziri. A littafi na biyu wazirin ya kara da wani aku, Haziƙ, a gasar ba da labari. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar.

Wannan dabara ta tsuntsu mai hana fita da dare tsohuwa ce. Tana cikin wani littafin Indiya na labaran aku, wanda aka juya zuwa Farisanci da sunan Tuti Nama, kuma 'yar'uwar dabarar Shahrazad ce ta Dare Dubu da Ɗaya. Labaran ciki ma da yawa na aro ne: daga Alfu Laila, daga Kalila wa Dimna, daga tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus. Sarkin Busa, alal misali, mai busar garin Hamelin ne da aka sa wa rawani. Ruwan Bagaja shi ma yana da dangantaka da Maƙamat na Hariri, inda mutum biyu suke ta haɗuwa gari bayan gari. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi labaran ɗaya bayan ɗaya sun nuna asalinsu, abin da ya jawo muhawara mai zafi a tsakanin masu nazarin adabin Hausa: mai ƙirƙira ne, ko mai fassara da aka ba girman da ya wuce nasa?

Ga mai karatu na Benin akwai amsa kusa da gida. La Fontaine da ake haddacewa a aji ya ɗauki labaransa na farko daga Aesop na Girka, a kundinsa na 1678 kuma shi da kansa ya ce ya ɗebo da yawa daga Pilpay, wato tushen Indiya na Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8. Rijiya ɗaya suka ɗebo, kuma ba wanda ya taɓa cire Bafaranshen daga manhaja saboda haka. Abin dubawa shi ne abin da marubuci ya yi da kayan aron. Imam ya kwance su ya sake ɗinki. Kurmin Jamus ya koma dajin da mafarauci ya sani, alƙali da dogari da ɗan kama suka shigo, kowa yana magana irin ta matsayinsa. Har yau mutane da yawa da suka karanta littafin suna yara suna rantsuwa cewa labaran na kakanninsu ne. Sai dai ba za a ɓoye ba, mata ba su cika fita da kyau a cikinsu ba. Sau da yawa makirci ne rabonsu, kamar yadda yake a littattafan da ya aro.

Akwai kuma wani amfani da suturar tsuntsu ta yi masa. A zamanin da ba a ɗaga murya a gaban sarki, balle a gaban Razdan, littafinsa cike yake da sarakuna masu saurin fushi, da fadawa maƙaryata, da alƙalai masu kwaɗayi, kuma an karanta shi a makarantun En'e ba tare da kowa ya hana ba.

Bayan haka ƙagaggen labari ya rasa shi, jarida ta samu. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara 12. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard ya faɗa masa koke-koken matasan Arewa masu ilimin boko. Labarin tafiyar shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya halarci taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, ya zauna a majalisa, ya yi aiki a hukumar wallafa ta NORLA, daga baya ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya ci gaba da rubutu kan tarihin Musulunci da aikin Hajji da kimiyya, amma bai sake gina wata fada irin ta Abdurrahman ba.

Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Kamfanin NNPC na Zariya ya ci gaba da sake buga littattafan, ana kuma samun su a kasuwannin Kano da Sakkwato, inda 'yan kasuwar Parakou da Djougou suke zuwa sari. Yanzu ma akwai masu karanta su da murya a YouTube. Yaron da ya iya karatun Faransanci ba ya buƙatar wata makaranta kafin ya buɗe su: haruffa masu ƙugiya kaɗan ne zai koya, ɓ da ɗ da ƙ, sai ya saba cewa c a nan ba ta yin ƙarar da take yi a aji.