Muhammad al-Katsinawi: Masanin lissafin Katsina da ya rasu a Alƙahira

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani ɗan ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Sheikh Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a lokacin. Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wato Bakatsine. Ɗan mai masaukinsa, shahararren marubucin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya saka shi cikin littafinsa na tarihin Masar, amma a gida kaɗan ne suka san shi.

Ya yi karatu a ƙasar Hausa da yankin Borno, kuma cikin malamansa akwai Sheikh Muhammad al-Wali na Bagirmi. Wajajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zarce Alƙahira, inda shi kansa Hasan al-Jabarti ya ɗauki karatu a wurinsa.

A 1732 ya rubuta Bahjat al-Afaq, kan ilimin haruffa da abin da muke kira hatimi. Hatimi murabba'i ne mai gidaje, ana jera lambobi a ciki ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimilla ɗaya za ka samu. Gwada mai gida tara: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ko ta ina ka bi, 15 ce. Mai gida 25 kuwa yana ba da 65. Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin cika irin waɗannan, masu layuka 3, 5, 7 da sauransu, daki-daki.

Sai dai bai tsaya ga lissafi ba. Ya kuma rubuta al-Durr al-Manzum, kan asirai da taurari, domin malaman zamaninsa da dama ba su raba waɗannan fannoni ba.

To, wanne ne kimiyya a cikin aikinsa? A 1934 masanin falsafa ɗan Austriya, Karl Popper, ya kawo ma'auni: magana tana zama ta kimiyya ne idan akwai gwajin da zai iya ƙaryata ta. Ƙa'idar jera lambobin al-Katsinawi a buɗe take ga kowa. Ɗalibin sakandare a Kankia ko Tafashiya zai iya bin ta da biro da takarda, idan akwai kuskure jimilla za ta tona shi nan take. Amma da'awar cewa hatimi na kawo ciniki daban take. In ciniki ya zo, a ce hatimin ne. In bai zo ba, a ce ba a cika sharaɗi ba. Maganar da ba ta da hanyar faɗuwa ba ta shiga wannan ma'auni.

Shi ya sa masana tarihin lissafi a yau suke nazarin hanyoyinsa na jera lambobi. Kuma tambayar tana da amfani ga mai waya a hannu: idan aka turo maka maganin da aka ce yana warkar da cuta 70, ka tambaya wane sakamako ne zai nuna bai yi aiki ba.