Bature Mai Magani: ɗan kasuwar da ya bar shago ya koma wa'azi a kasuwa

Yau filin namu zai waiwayi wani Bature wanda shi ma ɗan kasuwa ne kafin ya zama mai wa'azin Kirista. Sunansa Andrew Stirrett, amma Hausawan zamaninsa ba su wahalar da harshensu ba, Bature Mai Magani kawai suke ce masa.

An haife shi a ƙasar Kanada a 1865. Ya koyi harhaɗa magani, ya buɗe shagunansa a birnin Toronto, ciniki kuma yana tafiya. Yana kusan shekara 37 ya karanta wani ɗan littafi da Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasashen Sudan, wato wannan yankin namu, sai ya tattara dukiyarsa ya miƙa wa ƙungiyar mishan ta Bingham, wadda daga baya aka sani da SIM. Ya iso Nijeriya a 1902. Zuwa nan a lokacin sayar da rai ne, domin abokan tafiyar Bingham biyu da suka sauka Legas tare da shi a 1893, Gowans da Kent, ciwo ya kashe su duka a shekarar da ta biyo baya.

Ya fara zama a Patigi ta ƙasar Nufawa, sannan Wushishi, amma Hausa ce ta shiga ransa. Yakan bi fatake har zango, idan sun sauke kaya ya zauna cikinsu, ya duba mai gyambo da mai zazzaɓi, sannan ya yi musu wa'azi. Da ya koma Jos, kasuwa ta zama wurin aikinsa na kullum, yana tsaye riƙe da hoto yana magana da Hausa. Littattafan mishan sun ƙiyasta ya yi wa'azi kamar sau 20,000. Ya kuma sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wanda ya fito a 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya ja ragamarsa. Bai taɓa aure ba.

To, a nan ne batun yake. Tun kafin Stirrett, ƴan mishan sun rabu a kan yadda za a tunkari Musulmi. Wasu suna ganin hujja ce makami, a zauna a yi muhawara har ɗaya ya rasa ta cewa. Irin wannan aka yi a birnin Agra na Indiya a 1854 tsakanin Pfander da Shehu Rahmatullahi, kuma abin da ya fito daga ciki shi ne littafin Izharul Haƙƙi wanda malamanmu suka sani. Wanda ya taɓa kallon kaset ɗin Ahmed Deedat da Swaggart na 1986 ya san yadda ake tashi daga irin wannan zama: kowa ya tafa wa nasa, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi. Wasu kuma suna ganin hali ne ya kamata ya yi magana. Stirrett ya riƙe duka biyu, baki da hannu, kuma shi kansa wa'azin ya fi ba muhimmanci. Sai dai mu lura da sunan da jama'a suka laƙaba masa. Sun ji shi sau dubbai, amma ba su kira shi Mai Wa'azi ba.

Tarihin ƙungiyarsa ma haka ya tafi. Turawan mulki na Ingila sun daɗe suna hana ƴan mishan shiga masarautun Musulmi. Da ƙofar ta buɗe a ƙarshen shekarun 1930, kula da kutare ne ya buɗe ta, a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A nan Nijar, Damagaram ce SIM ta fara sauka a 1924, tun Zinder tana babban birnin ƙasa, kafin a maida shi Yamai a 1926. Sai Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928. Gari irin namu mai sarauta da malamai da tsangayu, waɗanda suka karɓi addinin ba su da yawa. Amma ku tambayi kowace mai sayar da kayan miya a Kasuwar Dole ko ta san Galmi, asibitin da SIM ta buɗe a 1950, za ta gaya muku wanda aka kai can daga danginta.

Kada kuma a ce magani ya yi abin da hujja ta kasa. Mafi yawan Hausawa sun karɓi allura, sun gode, sun ci gaba da sallarsu, wasu ma suna kallon maganin a matsayin tsabar da ake watsa wa kaza. A ganinmu abin da hidimar ta samar shi ne mutunci da zama tare, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne ga wanda ya ga abin da ya faru a Zinder a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, laifin da Kiristocin unguwanninmu ba su da hannu a ciki.

Stirrett ya tsufa a bakin aikinsa, bai koma gida ya huta ba. Ya rasu a Jos a 1948 yana da shekara 82. Ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM a Nijeriya, wato ECWA, an kafa ta a 1954, kuma mafi yawan mabiyanta na farko sun fito ne daga ƙabilun tsakiyar ƙasar, ba daga Hausawan da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa magana ba.